Abin da aka tattauna kan tsohuwar kwamfuta mai Windows 10

Maganar ta taso ne kan daina tallafin Windows 10 da Microsoft ya yi ranar 14 ga Oktoba, 2025. Duk wanda ya sa baki ya yarda cewa kwamfutar da ba ta samun sabuntawar tsaro tamkar gida ce da ba a rufe ƙofa. Mai kwamfutar da ke da TPM 2.0 (na'urar tsaro da Windows 11 ke buƙata) da sabon firosesa ya koma Windows 11. Wanda tasa ta tsufa, da yawa sun ba shi shawarar Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, don ba ya cin ƙarfin na'ura sosai.

Batun nauyin kwamfuta wajen aiki ne ya fi ɗaukar lokaci. A danna Ctrl+Shift+Esc don buɗe Task Manager, daga nan a kashe manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta ba gaira ba dalili. Wasu sun nace a ƙara RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta), amma ni na fi gamsuwa da masu cewa a fara sauya tsohon hard disk (ma'ajiyar bayanai) da SSD, ma'ajiya mai sauri, domin nan ake ganin bambanci nan take.

Wajen kariya daga ƙwayoyin cuta, Microsoft Defender, riga-kafin da ke zuwa tare da Windows, ya wadatar. Haɗa riga-kafi biyu rikici yake jawowa. Manhajar sata kuwa, wadda ake tura wa juna a filas, kowa ya ce a guje ta, don ƙwayoyin cuta na shigowa ta nan.