Wa aka taɓa tambayarsa ma'anar sunan wata manhaja?

Malamin kwamfuta, Bauchi: Salamu alaikum jama'a. Ina koyar da yara kwamfuta a wajen Wunti, tsofaffin injinanmu duk Ubuntu, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, muka ɗora musu tunda kyauta ce. To jiya wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce Malam wannan sunan ai bai yi kama da turanci ba. Na ce kin yi gaskiya, kalma ce ta Zulu da Xhosa a Afirka ta Kudu, tana nufin mutuntaka, mutum sai da mutane, kuma Mark Shuttleworth da ya fito da manhajar a 2004 shi ma ɗan can ne. Wallahi ajin nan ya ɓarke da tambayoyi har lokacin tashi ya wuce, yaran sun ji daɗi sosai cewa sunan daga nahiyarmu yake. Ko akwai wanda irin haka ta taɓa samu?

Mai gyaran waya, Gombe: Wa'alaikumussalam Malam. Ni Bluetooth ne. Wani dattijo ya kawo min sifika ta ƙi haɗuwa da wayarsa kuma tafsiri yake saurare da ita, ina cikin gyara ya ce ɗana, jikana ya ce wai sunan nan haƙori yake nufi, gaskiya ne? Na ce ƙwarai Baba, laƙabin Sarki Harald na Denmark ne a ƙarni na 10, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa, shi ya sa wani injiniyan Intel, Jim Kardach, ya ba da shawarar sunan tunda aikin abin haɗa na'urori ne. Alamar ma farkon haruffan sunan sarkin ne, H da B, a tsohon rubutunsu aka haɗe. Sai da Baba ya zaro tabarau ya ƙura wa allon ido.

Ɗaliba, Yelwa: Ni kuma Umma ce ta ga macizai biyu a laftof ɗina ta ce subhanallahi me kike karantawa haka. Python nake koyo, wani yaren rubuta manhajojin kwamfuta. Na yi mata bayani cewa Guido van Rossum da ya fitar da ita a 1991 daga wani shirin barkwanci na BBC, Monty Python, ya ɗauko sunan, macizan alama ce kawai. Duk da haka ta ce in daina barin ta a buɗe a falo da daddare.

Malamin kwamfuta, Bauchi: Madalla. Ɗan'uwa na Gombe, labarin sarkin nan zan kai wa yarana ranar Asabar in sha Allah.