Rabon gadon yayanmu: malami ya isa, ko sai mun ɗauki lauya?

Baffan_Yara:

Assalamu alaikum. Yayanmu ya rasu wata biyu da suka wuce a nan Kano. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza uku da mata huɗu, uku daga cikinsu ba su balaga ba. Mahaifiyarmu tana raye, mahaifinmu kuwa ya daɗe da rasuwa. Abin da ya bari: gida mai C of O (takardar mallakar fili ta gwamnati), fuloti ɗaya, kuɗi a banki, da fanshonsa, don ma'aikaci ne. Sunana ya sa a banki a matsayin nes-of-kin, amma da na je sai suka ce sai na kawo takarda daga kotu. Amarya kuma ta ce ya ba ta fulotin tun yana da rai. Wasu sun ce mu kira malami ya raba a gida, wasu sun ce mu nemi lauya. Mene ne aikin lauya a nan, kuma ta ina za mu fara?

Lauyan_Unguwa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri.

Malam, aikin malami daban, na lauya daban. Malami zai fitar da rabon kowa. Amma banki da kamfanin fansho da ofishin filaye ba sa aiki da lissafin malami, takarda suke so. Nan ne ƙaramin ofishin lauya yake da amfani.

Batun nes-of-kin: wanda za a nema ne idan wani abu ya faru, shi ke nan. Bai mai da kai magaji ba, bai kuma ba ka ikon taɓa kuɗin ba. Idan akwai mai riƙe da katin ATM na marigayin ko wayarsa, ya daina cire kuɗi daga yau. Duk kwabon da ya fita bayan ranar rasuwa zai bayyana a takardar banki, kuma da shi ake fara zargin juna.

Ku fara da takardar shaidar rasuwa. Asibiti yana ba da tasa, sannan a karɓi ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ku duba sunan da kyau. Idan a banki Muhammad ne, a takardar rasuwa Mohammed, a wurin aiki kuma an ƙara sunan kaka, sai an yi rantsuwar kotu kafin a wuce. Wannan ɗan kuskuren yana iya cinye makonni.

Takardar da banki yake nufi ita ce ta izinin kula da dukiyar mamaci, wadda sashen furobet na Babbar Kotun Jiha yake bayarwa. Ana cike takardu da sunayen magada duka, kotu ta ba da fom a kai kowane banki ya rubuta abin da ke cikin asusu, a ƙiyasta dukiya a biya kuɗin gwamnati a kai, a buga sanarwa a jarida a jira, yawanci kwana 21, ko wani zai fito da ƙorafi. Ana kuma neman masu tsayawa. Tunda akwai yara ƙanana, za a so aƙalla mutum biyu su riƙe takardar. Shawarata, a ɗauko ɗaya daga ɗakin uwargida, ɗaya daga ɓangaren amarya. Babban kuskure shi ne a manta wani asusu ko wata kadara a jerin farko: abin da ba a rubuta a takardar ba ba za a sake shi ba, sai an koma an nemi ƙari.

Rabon kansa, tunda Musulmi ne, ku kai shi kotun shari'a ko da kun daidaita a gida, alƙali ya tabbatar, kowa ya fita da takardar rabonsa. Wanda bai gamsu ba yana da hanyar ɗaukaka ƙara, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan gado, wasiyya, kyauta da waƙafi na Musulmi.

Kuɗin lauya a yi shi a rubuce tun ranar farko: dunƙule ne ko kaso, kuma kuɗin kotu da na jarida suna ciki ko a'a. A tambaye shi ƙarara wa yake wakilta. Idan rikici ya ɓarke tsakanin ɗakuna biyu, lauya ɗaya ba zai tsaya wa duka ba.

Almajirin_Mirasi:

Allah Ya gafarta masa. Ɗan'uwa, ka yi haƙuri da wannan: kai ba ka cikin magada, 'ya'yansa maza sun shamakance ka. Wannan ma alheri ne, don ka fi kowa dacewa da tsayawa a tsakani.

Kafin rabo akwai abu uku a jere: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji ita sai sauran sun yarda. Sadakin da bai gama biya ba bashi ne. Kayan ɗakin mata nasu ne, ba a sa su a gado. Wanda ya zo yana bin mamaci bashi, a mazhabar Malikiyya bayan ya kawo shaidu sai ya yi rantsuwa cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, don wanda zai musa masa yana ƙasa.

Lissafin daga 24 yake fita. Mata biyu su raba tumuni, kaso 3. Uwa sudusi, kaso 4. Saura 17 na 'ya'ya, namiji rabon mace biyu, wato gida goma. Misali, idan bayan bashi naira miliyan 24 ta rage: kowace mata miliyan 1.5, Hajiya mahaifiyarku miliyan 4, kowace 'ya miliyan 1.7, kowane ɗa miliyan 3.4. Tumunin nan ba ya ƙaruwa don mata sun yi yawa, ko su huɗu ne shi za su raba.

Fulotin amarya shi ne wurin da za a yi hattara. Kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wadda aka ba ta karɓa ta kama tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Shin takardun suna hannunta? Ta kewaye shi, ko ta sa an noma, ko ta zuba bulo? Akwai shaidu? Idan magana ce kawai ta cikin ɗaki har ya rasu fulotin yana hannunsa, ya koma gado. Idan kuma a ciwon ajali ya bayar, hukuncin wasiyya ya hau kansa, ita kuma magajiya ce, sai da yardar sauran. Kar ku ƙaryata ta a zaure, ku bar alƙali ya tambaye ta hujja.

Abu biyu kuma. A tambayi matan cikin mutunci ko akwai mai ciki, don a Malikiyya ana dakatar da rabo sai ta haihu. Sannan kar a ja lokaci. Idan Hajiya ta rasu kafin a raba, Allah Ya ƙara mata lafiya, sudusinta zai koma ga nata magadan, har da kai, lissafi ya zama hawa biyu.

Maman_Hanifa:

Bari in ƙara a kan fansho, don nan ne iyalai suke barin kuɗi a baya. Idan yana tsarin da PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, take kula da shi, kuɗi biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai abin da ya taru a asusunsa na fansho, akwai kuma inshorar rai da dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Ta biyun ta ofishinsa ake binta, kuma mutane da yawa ba su ma san da ita ba. Idan ma'aikacin jiha ne, ku tambayi ofishinsa wane tsari yake, don ba kowace jiha ce take bin na tarayya ba.

Kafin ku je kotu, ku karɓi jerin takardun da kamfanin fansho yake so a rubuce, ku tambaye su ko suna karɓar umarnin kotun shari'a mai hatimi. A tabbata an ambaci asusun fansho a takardar kotun, in ba haka ba za su mayar da ku. A kuma sanar da wurin aikinsa a rubuce. Albashin da ya ci gaba da shigowa bayan rasuwa ana iya cire shi daga haƙƙinsa.

Baffan_Yara:

Na gode, Allah Ya saka. Saura gidan. Manyan yaran suna so a sayar, uwargida ba ta so don a ciki take da ƙanana. Za a iya tsaga shi?

Lauyan_Unguwa:

A ƙasa za a iya, a takarda sai da izini. Sashe na 24 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana raba fili mai irin wannan takarda gida-gida saboda gado sai da amincewar gwamna, sayarwa ma haka a sashe na 22. A Kano ta KANGIS, ofishin rajistar filaye na jiha, ake bi. Masu ja katanga su tsaga ba tare da wannan ba, sai ranar da ɗaya zai sayar su gane C of O ɗaya ce, kuma da sunan mamaci.

Hanyar da ta fi sauƙi: a sa masu ƙiyasi biyu, kowane ɗaki ya kawo ɗaya, su yi wa gidan da fulotin kuɗi. Sai a tara rabon uwargida da na 'ya'yanta a cikin gidan, a biya sauran daga kuɗin banki da fansho, in da ciko su cika. Idan wani ya yi gaggawar sayar da rabonsa ga bare kafin a raba, sauran suna da shuf'a, su biya abin da baren ya biya su karɓe. Rabon ƙananan kuwa, ba uwa ba, ba baffa ba, babu mai sayar da shi da kansa. Idan marigayin bai naɗa wasiyyi ba, alƙali ne zai naɗa mai kula da dukiyarsu, don haka ku nemi a yi wannan naɗin a zaman farko, a rubuta shi cikin takardar rabo.