Masu tafinta a Legas: me kuke cewa idan aka ce "ba a ganinku"?

Mai tafinta, Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so waɗanda suka taɓa tsayawa tafinta tsakanin masu Turanci da mutanenmu a nan Legas su faɗi yadda suka yi da wasu kalmomi da ba sa barin bakin ma'aikatan ƙungiyoyi da 'yan jarida da masu bincike. Ɗaya tana nufin abin da ido ba ya gani, da ita suke siffanta talakan birni. Ɗayar daga goge rubutu aka samo ta, suna cewa haka aka yi wa tarihin wasu al'ummomi. Sai kuma kishiyarsu, wato a fito da mutum fili a gan shi, wanda shi ne alkawarin da suke zuwa mana da shi.

Wata ƙungiya ta kira ni taron mata masu sana'ar cikin gida: masu ƙosai, masu kitso, masu ɗinki, masu fura. Takardar da aka raba na'ura ce ta fassara ta, kanunta ya kira matan "mutanen ɓoye". Kowa a nan ya san su wa ake kira haka. Wata dattijuwa ta ajiye takardar ta nemi tsari, ta ce su 'yan Adam ne. Da baki na gyara, na ce abin nufi ba a san da zamansu ba. Nan take hira ta ɓarke, kowace da nata labarin. Shugabar taron ta tambaye ni abin da na faɗa, da na mayar mata sai ta ce a'a, ita gani take nufi. Ni dai har gobe ina ganin tawa ta fi kusa da abin da ke ran matan. Ku fa?

Malama mai koyar da matan aure, Idi-Araba

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin yi daidai, kuma kada ki bari a sa ki shakka.

Ni matsalata da kalma ta ukun ce, ta fito da mutum fili a gan shi. An taɓa kawo min takarda in karanta wa ɗalibaina, an rubuta cewa manufar shirin ita ce a "bayyana" su a "fito da su fili". Matan da addu'arsu ta kullum ita ce Allah ya rufa asiri! A kunnensu wannan tonon silili ne. Ɗaya ta tambaye ni ko hotunansu za a sa a intanet, wata ta ce maigidanta ba zai yarda ba, shi ke nan rabin ajin suka janye tun ba a fara ba. Alhali abin da ke cikin shirin rance ne da koyon lissafin sana'a, abin da suke nema ido rufe.

Matan nan ba gani suke nema ba. So suke a ji maganarsu, a sa sunansu cikin takarda idan ana rabon jari, a sami mai jin Hausa a ɗakin awo idan sun je asibiti. Da na sake zama da su na ce shirin na son a dama da su ne, duk suka dawo. Tun daga nan "a dama da ku" nake cewa, ko "a san da ku". Mace tana iya zama cikin hijabinta, cikin ɗakinta, kuma a san da ita sarai.

Tsohon ɗan acaba, Ketu

Anti, ni ba tafinta ba ne, ni aka yi wa tafintar. Bayan da gwamnatin Sanwo-Olu ta jihar Legas ta hana acaba daga 1 ga Yuni 2022 a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, wasu masu bincike sun zo inda muke zama da wani yaro mai fassara. Ya ce mana sun ce mu ma'aikata ne da ba a gani. Wani abokina ya ce wallahi da muna da layar zana da babu wanda ya rasa mashin ɗinsa. Ba wasa yake yi ba, nasa na bashi ne kuma yana cikin waɗanda aka kama.

Mu ai an fi ganinmu fiye da kowa a titi. Daga nesa ake gane mu, da fuska da magana. Mai karɓar tikiti yana ganinmu kowace safiya. Masu kame suna ganinmu. Da aka tara babura aka niƙe, duniya ta gani a talabijin. Inda ba a ganinmu shi ne teburin da aka yanke hukuncin, da kuma ranar da aka ce za a sama wa mutane abin yi. Da ni ne mai fassarar cewa zan yi: ana ganinku, amma ba a lissafa ku.

Dillalin kayan gwari, Mile 12

Maganar ɗan'uwana ta Ketu ita ce tawa. Tumatir da attaruhu da albasar da ke shiga tukwanen Legas ta hannunmu suke bi. Amma sai rikici ya tashi, kamar na Maris 2016, jaridu ke tuna muna nan. Ɗan jarida ya taɓa sa ni in fassara wa 'yan dako tambayarsa, na ce musu yana tambaya ko an mayar da su saniyar ware. Sun gane, sun kuma ba shi amsa har ya gaji da rubutu.

Malamin makaranta, Obalende

Bari in taɓa kalma ta biyun, wadda aka samo daga goge rubutu, tunda kowa ya tsaya kan gani. Mu muna da kalmomi da yawa a nan, kuma kowace da nauyinta. Gogewa ta allo ce da takarda. Shafewa ta fi muni: idan ka ce an shafe gari, mai sauraro gawarwaki zai hango. Sharewa kuwa ita ce ka ga mutum ka yi kamar ba ka gan shi ba, da gangan. Ga kuma dannewa, wadda ke tafiya da hakki. Turancin ya dunƙule duka huɗun wuri ɗaya, shi ya sa dole mai fassara ya tambayi mai magana wanne yake nufi kafin ya buɗe baki. Abokin aikina Bayerabe ya ce min su ma kalmarsu ta gogewa tana jingine da ta kashewa, don haka yana taka-tsantsan da ita.

Na taɓa fassara wata lacca ga dattawan masallacinmu, mai laccar yana ta cewa an yi wa rubutun ajami wannan abu. Na ce "an goge shi". Wani dattijo ya zaro naira 500 daga aljihu ya nuna ajamin da ke jiki, ya ce ga shi nan. Sai aka shiga bayani dalla-dalla: a 2007 aka cire shi daga naira 5, 10, 20 da 50 aka sa boko, a 2014 kuma sabuwar naira 100 ta fito babu shi, amma yana nan a 200 da 500 da 1000. Abin da ya burge ni, da na ce "an", ba su bar ni na wuce ba. Wa ya cire? A zamanin wa? Mai laccar da kansa ya ce a taron Turanci ba a cika tsare shi da wannan tambayar ba, don kalmar tana wucewa sumul kamar abin ya faru da kansa.

Babarbare mai gadi, Apapa

Malam, ku yi haƙuri zan faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Ni daga Borno nake. Inda nake aiki akwai Zabarmawa, akwai Buzaye, akwai Fulani, akwai Kiristoci daga kudancin Kaduna. A bakin mutanen Legas dukkanmu Hausawa ne, ko "aboki". Wannan na saba da shi. Wanda ke min zafi shi ne idan mai tafinta namu ya tashi a taro, aka ce 'yan Arewa, shi kuma ya ce "mu Hausawa". Na zauna a taron da ake kukan an share mu, kuma a cikin fassarar kukan aka share ni. Tsohon da ke gefena Hausarsa ta ciniki ce kawai, bai gane rabin abin da aka ce ba, babu wanda ya lura.

Dattijo, Agege

Ɗana na Apapa, gaskiya ka faɗa, Allah ya yi maka albarka. Masu tafinta ku riƙe wannan.

'Yata mai tambaya, ni abin da nake so ku riƙa gaya wa baƙin nan shi ne ba jiya muka zo ba. Tun 1863 Glover, wani Baturen mulkin mallaka, ya kafa rundunarsa a garin nan da Hausawa, daga ita sojan Najeriya ya samo asali. Kakanninmu goro ya zaunar da su Agege. Duk da haka jikana da aka haifa a nan, ubansa ma a nan, idan ya je cike takarda sai a ce ya rubuta garinsu na asali. Ni na ga unguwar Maroko ta nan Legas kafin a rushe ta a 1990, na ga wurin bayan nan. Wannan ita ce shafewa, kada ku yi arha da kalmar a kan abin da bai kai ba. Namu na yau mantuwa ce ta ganganci, haka nake faɗa idan aka tambaye ni.

Ɗalibi mai fassarar takardu, Yaba

Baba, na gode, zan ari "mantuwa ta ganganci". Ni aikina a rubuce ne, ba ni da damar duban fuskar mai karatu in gyara. Yanzu haka ina kan wani rahoto da ke maganar ƙidaya. Ta 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, ta ba Legas mutum miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar ta ce sun haura miliyan 17, ta 2023 kuma aka ɗage ta. Marubucin ya yi amfani da kalmar rashin ganin nan a kusan kowane shafi. Na raba ta gida biyu: inda ake maganar alƙaluma na sa "ba a ƙirga su ba", inda ake maganar hukunci na sa "ba a shawara da su". Mai aikin yana so in tsaya kan kalma ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wai don tsari. Malama ta Idi-Araba, idan na turo miki shafi biyu, za ki karanta wa ɗalibanki ki gaya min wadda suka fi ganewa? Ranar Litinin zan miƙa aikin.