Hunturu ya ƙarato, aljihu babu nauyi: me za a fara gyarawa a gida?

Mai tambaya, daga Kurna, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaka ta yi, nan da 'yan makonni iskar gabas za ta juyo, kuma kowa ya san halin da aljihu yake ciki. Gida ne mai ɗaki biyu, rufin kwano, ga yara ƙanana har da jariri, kuɗin kuwa bai isa a sayi komai da komai ba. Me za a fara, me za a bari? Don Allah masu sani a faɗi yadda ake yi dalla-dalla.

Kafinta, daga Kano:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da toshe iska kafin ka yi maganar wuta. Sanyin Kano da asubar Janairu yakan tsaya wajen digiri 12 zuwa 14, wannan bargo ɗaya ya ishe shi in ɗaki a rufe yake. Iska ce ke kai shi cikin ƙashi, kuma hanyarta ɗaya ce, daga arewa maso gabas. Saboda haka tagar da ke kallon gabas ko arewa ita ce aikinka na farko. In kana son gane inda take shigowa, ka duba da safe inda ƙura ta ja layi a ƙasa ko a kan labule, ko ka jiƙa bayan hannunka da daddare ka bi gefen taga da ƙofa.

Taga mai lubas ita ta fi zuba iska. Sayi leda mai kauri, irin wadda ake rufe kaya da ita, ka yanka ta zarce firam da faɗin yatsu huɗu ta kowane gefe. Kada ka buga ƙusa kai tsaye a jikin ledar, iska za ta yage ta daga ramin ƙusar cikin mako guda. Yanka kwali tsiri-tsiri, faɗin yatsu biyu, ka ɗora a bakin ledar, sannan ka bi da ƙusa mai inci ɗaya, tsakaninsu taƙi guda. In firam ɗin ƙarfe ne, a ɗaure ledar da siririyar waya a jikin ƙarafan tagar. Salatif asarar kuɗi ne, ƙura da bushewar iska suna ɓalle shi cikin kwana biyu uku.

Ƙarƙashin ƙofa kuma, yanko ƙafar tsohon wando, cika ta da yashi, ɗaure baki biyu, ka kwantar da ita a bakin ƙofa da daddare. Wanda ke son abin da zai dawwama ya karɓi tsohon tiyub na babur a wurin mai faci, a tsaga shi a buga a gindin ƙofar yana ɗan shafar ƙasa. Akwai kuma tazarar da ke tsakanin saman bango da kwano, wadda mutane ke mantawa da ita. Guntayen soso daga wurin masu katifa suna toshe ta tsaf, amma a nisanta su da wayar wuta.

Taga ɗaya ta ɓangaren kudu ko yamma a bar ta da labule kawai, kar a sa mata leda.

Uwargida, daga Jos:
Malam kafinta ya gama maganar iska. Mu nan da muke sama da mita 1,200, inda a Disamba da Janairu dare kan sauka ƙasa da digiri 10, abin da muka sani shi ne sanyi daga ƙasa yake hawowa. Wanda ya shimfiɗa katifa a kan siminti ko tayil, ko bargo uku ya lulluɓa sai ya ji shi. A shimfiɗa kwali ninki biyu, a ɗora tabarma, sannan katifa. Manyan kwalayen firji ko na talabijin sun fi, kuma masu shago ba sa tsawwalawa. In bargo biyu ne a gidan, ɗaya ya shiga ƙarƙashin yaran, ɗaya a samansu, ya fi a jibga musu duka biyun a sama.

Gwanjo kuma yanzu ake sayensa, tun kafin sanyi ya sauka. Ranar da hazo ya fara rufe gari, rigar da aka yi maka kuɗinta jiya ba za ka same ta a haka ba. Mu Katako muke zuwa, ku kuna da Ƙofar Wambai, 'yan Kaduna suna da Kasuwar Barci. A tambayi ranar da ake fasa dila a je da sassafe. Kar kuɗin ya tafi a kan ƙatuwar jaket ɗaya: da rana ta ɗaga yaro zai tuɓe ta ya yar a makaranta. Riga mai dogon hannu ta ciki, suwaita a kai, hula mai rufe kunne, safa biyu, wannan ya fi riƙe ɗumi saboda iskar da ke maƙalewa tsakanin riga da riga. A sayi wadda ta ɗan fi yaron girma don ta kai baɗi. A duba zif, hammata da bakin hannu, nan suke fara mutuwa. Kafin a sa wa yaro, a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana wuni guda, a goge, saboda ƙazuwa da kwarkwata.

Abin da ya yi wa naku kaɗan kuma, ga almajirai nan suna kwana a soro da shago, a miƙa musu tun yanzu.

Ma'aikaciyar jinya, daga Zariya:
Ina roƙon duk wanda zai bi shawarar leda ya karanta wannan. Ɗakin da aka toshe da kyau ba a kwana da garwashi a cikinsa, ko kaɗan. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai barci mai nauyi, shi ya sa mai barci ba ya farkawa ya ceci kansa. In kuka tashi da safe kowa a ɗakin yana ciwon kai lokaci guda, ba mura ba ce. A buɗe ƙofa, a fito da kowa waje, wanda ya galabaita a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi. Haka janareta a soro ko a barandar da aka rufe, haka kunna murhun gas don ɗumama ɗaki.

Dattijo, daga Maraɗi:
'Yata, ban ƙi maganarki ba, amma iyayenmu da kaskon wuta suka yi ta kwana a ɗaka lokacin ɗari. Talaka da ba shi da bargon kirki me zai yi?

Ma'aikaciyar jinya, daga Zariya:
Gaskiya ne Baba, amma ɗakin ba irin na yanzu ba ne. Ɗakin ciyawa ko na kara yana numfashi ta ko'ina, ƙofarsa asabari ce. Na yau siminti ne, ƙofar ƙarfe, ga leda a taga. Ga yadda za a sami ɗumin ba tare da haɗarin ba. A hura kurfoti a tsakar gida, a sha ɗumi a can. A jingina jan bulo ko dutse mai faɗi a gefen wutar wajen rabin awa, a ɗauke da tsumma, a naɗe shi cikin tsohon zane ninki uku, a sa a cikin shimfiɗa wajen ƙafafu kafin a kwanta. Dutsen ya zama busasshe, wanda ya sha ruwa yana iya fashewa a wuta. A cire shi kafin a kwantar da jariri, kuma mai ciwon suga kada ya ɗora ƙafa a kai, don zai iya ƙonewa bai ji ba. Wutar kuma a kashe ta da ruwa a waje. Rufe ta da toka ba kashewa ba ne, iskar dare tana tone ta.

Mai wayarin, daga Kaduna:
Gobarar hunturu da yawa daga hitar ruwa take. Ana tsoma ta a bokiti, a ɗauke wuta, a manta da ita a jone a fita. Wuta ta dawo, ruwa ya ƙone, roba ta narke, sai katifa. Dokar ita ce da an ɗauke wuta a zare hitar daga soket, kashe makunni kawai bai isa ba. A rataye ta a sanda a gicciye a bakin bokiti don kada ta taɓa roba, kuma kada kowa ya tsoma hannu ya ji ɗumin ruwan tana jone.

Ƙaramar hita tana jan wat 1,000 zuwa 1,500, dutsen guga ma kusan haka. Wayar ƙari mai arha siririya ce a ciki, ba ta ɗaukar ko guda ɗaya na dogon lokaci, balle biyu. A jona a soket na bango. Bayan minti goma a taɓa filogin: in ya yi zafi, ko ka ga bakin soket ya yi baƙi, a canja shi, kuɗinsa bai kai na bargo ba. Galan ɗin fetur ya bar ɗakin kwana, kyandir da maganin sauro na kunnawa su yi nesa da gidan sauro. Bokitin yashi ɗaya a bakin kicin. A ajiye lambar 'yan kwana-kwana na garinku a waya. 112 a Najeriya, 18 a Nijar.

Mai sayar da abinci, daga Gusau:
Ruwan wanka shi ke cinye gawayi. Ba sai an dafa bokiti guda ba. Kwano ɗaya na tafasasshen ruwa a kan kwano uku na ruwan randa yana ba da ɗumin da jiki ke so. A fara zuba na sanyi, sannan na zafi, saboda yaro kan faɗa bokiti kafin a sirka. Jarka mai lita 25 da aka shafa wa baƙin fenti, in ta wuni a rana daga hantsi zuwa la'asar, ta isa wankan yara ba tare da an hura wuta ba, sai dai ranar da hazo ya yi kauri. Saboda haka a mai da wankansu bayan azahar. Ragowar garwashin tuwon dare kuma a ɗora tukunyar ruwa a kai, a juye a fulas don alwalar asuba da kunun safe.

Wake ko shinkafa, a bari ya tafasa sosai, wake minti 15 zuwa 20 in an jiƙa shi tun dare, shinkafa minti 5. A sauke tukunyar a rufe ruf, a naɗe ta da tsohon bargo, a cusa a kwando ko kwali, kada a buɗe. Shinkafa ta nuna cikin awa guda, wake awa uku zuwa huɗu. Abin da ke ɓata shi buɗe murfi don leƙawa, ko tukunyar da ba ta cika ba, don ɗan abinci ba ya riƙe zafi. Gero da masara da wake kuma yanzu a kaka suka fi sauƙi. Waken a shanya shi ya bushe ƙayau, a cika jarka har baki, a toshe murfin da leda, ƙwari ba sa rayuwa in babu iska.

Ma'aikaciyar jinya, daga Zariya:
Tunda Hajiya ta taɓo ruwan zafi: in yaro ya ƙone, ruwa mai sanyi ake ta kwarara wa wurin har minti 20. Ban da makilin, ƙwai, manja ko gishiri.

Jaririn Malam kuwa, hula da safa, kuma a manna shi a ƙirjin uwarsa fata da fata a lulluɓe su tare, babu abin ɗumama da ya kai wannan. Kada a rufe masa fuska da bargo, kada a cusa masa man zafi ko kafur a hanci. In yana tari, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif yana kwance shiru. Sau 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar, ko ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki, ko ya ƙi mama, asibiti ne a ranar, don limoniya ba ta jira. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya shi ma haka, lokacin sanƙarau ke nan, kuma cunkoso a ɗakin da ba iska yana yaɗa shi.

Fata kuwa man kaɗanya ya wadatar, amma a shafa jiki na da sauran laima, ba bayan ya bushe ba. Mai faso ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma, ya goge da dutsen kaushi a hankali, ya cika da basilin, ya kwana da safa. In haɓo ya ɓalle, a sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancin minti goma ba sakewa. Ɗaga kai sama jinin yake turawa maƙogwaro.

Mai tambaya, daga Kurna, Kano:
Allah Ya saka da alheri. Malam kafinta, ɗakin yaran taga ɗaya ce tal, kuma gabas take kallo. In rufe ta duka?

Kafinta, daga Kano:
A'a. Rufe ta daga ƙasa, ka bar faɗin tafin hannu a can sama a buɗe, da raga kawai. Rataya tsohon zane daga ciki ya sauko a kan wurin, zai tare ƙura ya karya ƙarfin iskar, kuma a riƙa wanke shi duk mako. Katifar yaran ka ja ta zuwa bangon da ke nesa da tagar, kawunansu ba sa kallon ƙofa. Da hantsi a buɗe ƙofar ɗakin awa ɗaya, a yayyafa ruwa kafin a yi shara.