Wayar da aka taɓa buɗewa

Masu gyara da dillalan waya 'yan Nima da ke Tip Toe Lane, kusa da shataletalen Circle a birnin Accra na Ghana, sun tattauna kan sayar da wayar da aka riga aka yi amfani da ita. Yawancinsu sun ce a faɗa wa mai saye idan an canja gilashi ko batir. Ai iPhone ma, tun daga manhajarta ta iOS 15.2, da kanta take tona asirin kayan da aka sauya.

Ruwa ne aka fi daɗewa a kansa. Wayar da ta sha ruwa takan yi lafiya mako biyu, sai tsatsa ta cinye cikinta, mai saye ya dawo da faɗa. Wani ya koka cewa gaskiya na rage kuɗi. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, rage sidi hamsin, ka rubuta gyaran a rasit, ka ba shi kwana uku ya gwada."