Stage fright da CBT, me za mu kira su da Hausa?

Jama'a ku taya ni, tun jiya nake kokawa da kalmar nan stage fright, wato abin nan da ke kama mawaƙi ko makaɗi in zai fito gaban mutane, ya yi wata guda yana atisaye lafiya lau a ɗaki amma ana kiran sunansa sai yawu ya ƙafe, tafin hannu ya jiƙe sharkaf, yatsu su hau kyarma a kan jita kamar bai taɓa riƙe ta ba.

Wani ya ce min "kunyar taro". Gaskiya ban yarda ba, akwai mawaƙan da ko ɗigon kunya ba su da shi kuma abin na kama su. "Tsoron dandamali" ma bai yi ba, ai ba katakon ake tsoro ba, idanun ne. Ni dai "fargabar fage" ta fi kwanta min, don ita fargaba tun kafin ranar take fara cin mutum, fage kuma duk inda aka zuba maka ido ne.

Kuma abin ba wasa ba ne fa. Binciken 1987 kan makaɗa sama da 2,000 na manyan ƙungiyoyin kiɗan Amurka, kashi 27 cikin ɗari sun ce suna shan ƙwayoyi irin su propranolol. Ƙwayar tana lafar da bugun zuciya da kyarma, amma tunanin yana nan daram.

To nan CBT ta shigo, wato cognitive behavioural therapy, hanyar jinya ta tattaunawa da gwaji wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Makaɗi ya ce "in na yi kuskure ɗaya na gama yawo", sai a tambaye shi, sau nawa ka taɓa kuskure? wa ya lura? me ya biyo baya? Daga nan a sa shi ya yi kiɗa gaban mutum biyu, sai goma, sai zaure cike, har jiki ya saba.

Ita CBT ɗin, na ga ana rubuta ta da Hausa "gyaran tunani da ɗabi'a". Matsalar, kana cewa gyaran ɗabi'a sai a ɗauka mutumin mara tarbiyya ne, alhali bawan Allah hannunsa kawai ke rawa. Shi ya sa na fi karkata ga "saita tunani da sabo", saitin ya ɗauki tambayoyin nan, sabon ya ɗauki fitowa kaɗan-kaɗan.

Fargabar fage kam na riƙe ta. Ta biyun ce har yanzu take min tsawo a baki, mai gajeriya ya kawo.