Kalmar "clear" ta haɗa ni da abokin cinikin maigidana, ina neman shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Da fatan an wuni lafiya.

Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, wata na biyar ke nan da kama aiki. Maigidana dattijo ne, bai yi boko ba, amma a lissafi babu mai ja da shi a layinmu. Da yake na gama sakandare, ni nake karanta masa saƙonnin Turanci, na banki da na ejan ɗin da ke fito masa da kaya a Legas.

Ranar Juma'ar da ta wuce wani abokin cinikinsa na shekara da shekaru ya ɗauki dila shida ta atamfa, ya rubuta caki. Na kai banki da safe. Bayan an sauko daga masallaci Alhaji ya ce in koma in ji ko kuɗin sun shiga. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce min: "The cheque has not cleared." Ni kuwa abin da na sani tun firamare, clear shi ne abin da ya fito sarai, kamar yadda malami ke cewa rubutunka bai fita ba. Sai na ɗauka rubutun cakin ne bai karantu ba. Na dawo na faɗa wa Alhaji haka, ya aike ni wurin mutumin ya sake rubuta wani.

Mutumin ya ajiye kofin shayin da ke hannunsa, ya daɗe yana kallona, ya ce shekara ashirin yana rubuta caki ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba, in Alhaji ya daina yarda da shi ne gara ya fito ya faɗa. Ranar Litinin kuɗin suka shigo cif. Tun ranar bai sake leƙo shagonmu ba, abin yana damuna ƙwarai.

A makon nan kuma ejan ya turo cewa: "Clear the balance so we can clear the container." Ga ta har sau biyu a jimla ɗaya. Na buɗe ƙamus na tarar da ma'anoni sun cika shafi. Don Allah yaya zan riƙa gane wadda ake nufi? Kuma yaya zan gyara abin da na ɓata?

Malamin Turanci mai ritaya, Zariya:

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka tsorata da shafin ƙamus, duk reshe ne, gindin ɗaya ne.

Kalmar asalinta daga Latin take, clarus, abu mai haske ko murya mai fita raɗau. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci bayan mutanen Normandi sun ci Ingila a 1066, lokacin da kalmomin Faransanci suka yi ta kwarara cikin harshen. Da farko haske ne da tsabta: sararin sama da babu hadari, ruwan da ake hango ƙasansa. To me ke sa ruwa ya yi garau? Babu laka a ciki. Me ke sa gari ya yi wasai? Babu gajimare. Daga nan Bature ya miƙa da ita: duk inda aka kawar da abin da ya tare, sai ya ce clear.

Ka ga mu Hausawa kowanne da kalmarsa. Ruwa garau, gari wasai, magana ƙarara, ido yana gani tar, a share gona, a kwashe kwanuka, a biya bashi, kotu ta wanke mutum. Shi ya tattara su a bakin kalma guda. Mu ma muna yin haka da "ci": an ci tuwo, an ci jarrabawa, an ci bashi, an ci amana, kasuwa ta ci. Ba ka taɓa ruɗewa ba, domin kalmar da ke kusa da ita ce ke faɗa maka.

Saboda haka in ka gamu da ita, tambayi kanka: mene ne ya tare, kuma me ya tare wa hanya? A saƙon ejan ɗinku, ta farko bashi ne ya tare, wato ku cika ragowar kuɗi. Ta biyu kwastam ne suka tare, wato a fito da kwantena. Sannan ka lura ko siffanta abu take yi ko aiki take nunawa. Da matar ta ce "is not clear", fahimtarka tana da hanya. Amma "has not cleared" ta ce, aiki ne da bai kammala ba tukuna.

Ma'aikaciyar banki, Kaduna:

Ƙanina, ban ga laifinka sosai ba, mu ma'aikata muna da namu. Muna faɗin kalmar sau ɗari a wuni har mu manta ba kowa ya san ta ba. Da ta ce maka kuɗin ba su iso ba tukuna, da shi ke nan.

Ga abin da ke faruwa. In cakin na wani banki ne ba namu ba, ba mu da ikon taɓa asusun mai shi. Sai mu ɗauki hoton cakin mu tura ta hanyar NIBSS, cibiyar da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan Najeriya. Bankinsa ya duba sa hannu, ya duba ko akwai kuɗi, wani lokaci ya kira shi ya tabbatar. In komai ya yi daidai sai kuɗin su sauka. Ranakun aiki kawai ake ƙirgawa, Asabar da Lahadi ba sa ciki, shi ya sa cakin Juma'a ya kai Litinin. Tsarin ya tsufa: tun wajajen 1770 akawun bankunan Landan suke haɗuwa a wuri guda a titin Lombard suna musayar caki, kowane banki ya biya bambancin da ya hau kansa.

Abin da nake so ka riƙe, don kuɗin maigidanka ne: "not cleared" daban, "returned" daban. Na farko jira ne kawai. Na biyu shi ne an dawo da caki, kuma za a rubuta dalili. Kada ka sake zuwa wurin mai caki sai ka ga na biyun a rubuce. Haka kuma in baƙo ne ya kawo caki, kada kaya su fita sai kuɗin sun zauna a asusu.

Direban tirela, Funtuwa:

Ai kalmar ta daɗe da zama tamu. In yaron mota ya ce "Oga yi kiliya", me yake nufi? Ka sauka gefe ka ba da hanya. Ita ce dai, mun yi mata riga irin tamu. Bayanin Malam ya zauna min, titi ne aka kawar wa abin da ya tare.

Mai fiton kaya, Apapa:

Ina girmama Malam, amma zan ɗan saɓa masa. Sanin gindin kalma yana da kyau, sai dai a tashar jirgin ruwa ba zai fisshe ka ba, domin ƙofofin suna da yawa, kowace kuma in an wuce ta ana iya cewa cleared.

Akwai biyan kuɗin kwastam. Akwai duba kaya, a buɗe kwantena a ga ko abin da ke ciki ya dace da takarda. Akwai sakin kwastam. Bayan nan kamfanin jirgi yana da nasa kuɗin, masu filin ajiye kwantena suna da nasu, sannan a samo mota, sannan a fita get. Ejan zai iya rubuto maka "cleared" yana nufin kwastam sun saki, bai yi ƙarya ba, alhali kwantena tana nan zaune kuɗin kwana yana hawa kanta kullum. Na sha ganin ɗan kasuwa a Kano ya karɓi kuɗin mutane ya ce kaya sun taso, bayan kwana goma ba su bar Legas ba, mutuncinsa ya zube a banza.

Don haka duk ranar da ya turo kalmar nan, mayar masa da tambaya uku: wa ya saki, saura wa, yaushe mota za ta fita? Ka ce ya turo hoton takarda. Kuma batun ragowar kuɗin da ya ce ku cika, ka nemi ya rarrabe maka na mene ne da na mene ne kafin Alhaji ya tura ko sisi.

Ɗan uwa daga Maraɗi:

Mu nan da Faransanci muka yi karatu, muna da clair, 'yar uwar taku ce uwa ɗaya. Amma tamu ta tsaya kusa da gida: haske, launi mai haske, magana bayyananniya. Fiton kaya a duwan da wucewar caki kowanne da kalmarsa dabam. Lokacin da na fara sayayya a Kano ni ma ta ruɗa ni. Abin da ya taimake ni, na daina haddace ta ita kaɗai, na koma rubuta ta tare da abokiyar tafiyarta a ɗan littafi, jimla sukutum da inda na ji ta.

Tsohon ma'aikacin filin jirgin sama, Kano:

Yaro, na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin a aikinmu wannan kalma rai ce. Jirgi ba ya tashi, ba ya sauka, sai hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage ta ce cleared. A wurinmu izini take nufi.

Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suna kan titi ɗaya cikin hazo mai kauri, ɗaya na KLM ɗaya na Pan Am, ba sa ganin juna, hasumiya ma ba ta ganinsu. Hasumiya ta ba jirgin KLM izinin hanyar da zai bi bayan ya tashi. Izinin hanya ne, ba izinin tashi ba. Matuƙin ya ɗauka an sallame shi, ya saki wuta, alhali ɗayan jirgin bai bar titin ba. Saƙon da zai tsayar da shi ya ci karo da wani a rediyo, bai ji shi da kyau ba. Mutum 583 suka rasu. Kuma matuƙin nan ba sabon hannu ba ne, shi ke horar da wasu a kamfaninsu.

Bayan wannan aka tsaurara ƙa'idar magana. Ba a ambaton kalmar tashi sai lokacin ba da izinin tashin kansa ko soke shi, kuma duk umarnin da aka ba matuƙi sai ya maimaita shi da bakinsa a ji ko abin da aka faɗa ya ji. Wannan maimaitawar nake so ka ɗauka. A gaban matar banki, da ka ce "wato rubutun ne bai fita ba?", nan take za ta ce a'a. Ba ƙasƙanci ba ne, masu tuƙa ɗaruruwan rayuka haka suke yi kullum.

Mai gyaran waya, Farm Centre:

Tunda a WhatsApp kuke magana da ejan, ka kiyayi "clear chat", goge hirar yake yi gaba ɗaya, har hotunan rasit in ka zaɓa. A saitin waya kuma "clear cache" shara ce kawai, amma "clear data" yana mayar da manhaja kamar yau aka sauke ta. Kusan kullum sai an kawo min mai kuka a kan wannan.

Hajiya, mai sayar da leshi:

Kowa ya amsa tambayarka ta farko, ni ta biyu ce ta dame ni. Ɗana, mutumin nan ba da kai yake fushi ba. Yana ganin amininsa ne ya tura yaro ya tozarta shi a gaban mutane. Muddin Alhaji bai san ainihin abin da ya faru ba, ba zai iya gyarawa ba. Ka same shi shi kaɗai bayan an rufe shago, ka faɗa masa cewa banki ba su ce a sake caki ba, kai ne ka juya maganar ba daidai ba. Kada ka laɓe bayan matar banki. Sannan kada ka je wurin mutumin kai kaɗai, kuma kada a yi ta waya. Ka roƙi Alhaji ku je tare, shi ya yi magana, kai ka durƙusa ka ba da haƙuri. Kada a bari ta kwana da yawa, a kasuwa magana ba ta zama wuri ɗaya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, na bi maganarki. Jiya bayan magariba na faɗa wa Alhaji komai. Ya yi shiru, ya ce me ya hana ni faɗa tun Litinin, sannan ya ce in ɗauko masa hularsa. A gida muka sami mutumin. Na ba da haƙuri, ya ce ya wuce, ya sa aka kawo mana fura. Bai zo shago ba tukuna, amma yau da safe ya aiko yaronsa ya tambayi farashin shadda.

Yayana na Apapa, na tura wa ejan tambayoyin nan uku. Ya ce kwastam sun saki tun shekaranjiya, saura kuɗin kamfanin jirgi, ragowar da yake nema ke nan. Na ce ya turo takardar, ya turo, na karanta wa Alhaji layi-layi. Ya ce gobe in an buɗe banki a tura.